Makirfo huɗu, murya biyu: ina sauti ke maƙalewa a ƙaramar na'urar ɗaukar karatu?

Saura kwana shida a fara duban watan azumi wani ƙanen abokina, ɗalibin injiniya a Samaru ta Zariya, ya yi sallama a shagona bayan magariba, riƙe da wani ɗan akwatin roba. A ciki akwai 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4, an ɗora mata allon sauti a ka, wayoyi huɗu sun leƙo ta gefe. Aikin alheri ya ɗauko. Akwai wani dattijon malami a cikin birni, wajen Limancin Kona, da ke tafsiri a zaurensa duk shekara, kuma tun da aka fara ɗauka da wayar hannu ake yi, a ajiye ta a gefen buzu. Duk wanda ya taɓa sauraron irin wannan ɗauka ya san halinta. Alaramma mai jan baƙi in ya ɗaga murya sai sautin ya cika har ya tsage. In Malam ya zo fassara da muryarsa ta manya, sai ka manna wayar a kunne. Tambayar da aka yi daga bakin ƙofa kuwa ba ka jin ta sam, amsar kawai za ka ji, ka yi ta kintatar abin da aka tambaya.

Abin da yaron ke so shi ne kowace murya ta samu layinta: ɗaya na Malam, ɗaya na alaramma, ɗaya na masu tambaya, ɗaya kuma ya ɗauki zauren baki ɗaya. In an tashi sai a zauna a daidaita, a ɗaga na Malam, a sassauta na alaramma, a fitar da karatu mai daɗin saurare.

"Yaya, fayil ɗin ya nuna layi huɗu," in ji shi, "amma na uku da na huɗu shiru. Na canza makirfo sau biyu, na sake liƙe wayoyin da dalma, babu abin da ya sauya. Da na taɓa wani makunni kuma sai na ji makirfo ta uku can ƙasa-ƙasa a cikin layin Malam."

Wannan magana tasa ta ƙarshe ita ce ta nuna min inda gizo ke saƙa, amma bari in bi abin daki-daki, domin na sha ganin irin wannan a hannun ɗalibai da masu haɗa kayan sauti na masallatai, kuma kusan kullum makirfo ake ɗora wa laifi, alhali ita ce mafi ƙarancin laifi a cikin tafiyar.

Tsakanin bakin mai magana da fayil ɗin da ke memori akwai zango da yawa. Makirfo na mayar da murya ɗan siririn lantarki. Lantarkin ya shiga ta ɗaya daga ƙafafun cip ɗin sauti, a ƙara masa ƙarfi, sannan ya isa sashen da ke juya shi ya koma lambobi, wanda ake kira ADC. Lambobin su bi ta wasu wayoyi uku zuwa ƙwaƙwalwar kwamfutar, direba, wato manhajar da ke magana da cip ɗin, ya karɓa, ya miƙa wa tsarin sautin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, shi kuma ya miƙa wa manhajar da ke rubutawa a memori. A kowane zango sauti na iya tsayawa, kuma abin da ke wahalar da mutane shi ne yawancin zangunan ba sa kuka in sun tare hanya. Shiru kawai za ka samu, shirun da ya yi kama da na mataccen makirfo.

Abu na farko da na tambaye shi shi ne da wane suna yake kiran na'urar. Tsarin sautin Linux, wato ALSA, yana ba ka hanya biyu. In ka kira allon da hw, kai da shi ne ido da ido, abin da zai iya ya yi, abin da ba zai iya ba ya ce maka a'a. In ka kira shi da plughw, to ka sa dillali a tsakani, kuma dillalin nan bai iya cewa babu ba. Ka nemi layi huɗu a wurin allon da ke da biyu, zai ɗauko biyun, ya ƙara maka biyu babu komai a cikinsu, ya miƙo maka fayil mai layi huɗu cif. In allon mai layi ɗaya ne, sai ya kwafa maka muryar guda a sauran. Ba mugunta aka ƙera shi ya yi ba, an yi shi ne don manhajoji su yi aiki ba tare da sanin kowane irin allo ba. Amma ga mai neman gano matsala, rufa-rufa ce. Yaron da plughw yake ɗauka. Na ce ya kira arecord, manhajar ɗaukar sauti ta ALSA, ya rubuta arecord -l mu ga lambar allon, sannan ya rubuta arecord -D hw:1,0 --dump-hw-params. Jerin ya fito, muka sauka kan layin CHANNELS, ga lamba 2 tsaye ita kaɗai. Da ya nemi huɗu ta hw, nan take aka mayar masa da amsar cewa wannan adadin babu shi. Ya yi shiru, ya ce, "To Yaya, ai cip ɗin ƙofa shida gare shi, na gani a takardarsa."

Gaskiyarsa, kuma nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Cip ɗin da ke kan allonsa WM8960 ne, wanda ake samu a alluna masu araha da yawa. Yana da ƙafafun shigar sauti uku a hagu, uku a dama. Amma ADC biyu kacal ke cikinsa, ɗaya na hagu, ɗaya na dama. Ƙafafun nan shida ƙofofi ne, ba ɗakuna ba. Kamar mutumin da ya shigo birni ta Ƙofar Doka da wanda ya shigo ta Ƙofar Gayan, in duk ƙofar fada suka nufa, a fili ɗaya za su tsaya. Ƙafafun hagu uku duk a ADC na hagu suke haɗuwa. Kana iya zaɓar ɗaya, kana iya cakuɗa su, amma da zarar sun haɗu sun zama murya ɗaya, babu manhajar da za ta sake raba maka su yadda suke. Shi ya sa da ya buɗe makunnin nan makirfo ta uku ta faɗo cikin layin Malam. Cip ɗin abin da aka ce ya yi ya yi. Don haka kafin ka sayi allo, ka bar ƙirga ramukan da ke jikinsa, ka buɗe takardar cip ɗin ka ƙirga ADC. Masu huɗu suna nan, irin su PCM1864 da TLV320ADC5140 da ES7210, akwai kuma CS42448 mai shida.

Tun da mun shigo maganar makunnai, bari in tsaya a kansu, domin ko allonka na da isassun layuka, nan ne shiru ya fi ɓuya. A cikin cip irin wannan, hanyar da sauti ke bi a yanke take gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da makunninta. In ka buɗe alsamixer, manhajar daidaita makunnan sauti, ka danna F6 ka zaɓi allon, ka danna F4 ka shiga ɓangaren ɗauka, za ka ga wasunsu, amixer kuma zai jero maka su duka. A WM8960, kafin muryar da ta shiga ta ƙafa ta farko ta hagu ta isa ADC, sai an buɗe Left Boost Mixer LINPUT1 Switch, an buɗe Left Input Mixer Boost Switch, an kuma buɗe Capture Switch. Ɗaya ya rage a rufe, shiru. Akwai ma wani mai suna ADC Data Output Select da zai iya aika muryar hagu zuwa layukan biyu gaba ɗaya, ka yi ta neman makirfo ta dama alhali lafiyarta ƙalau.

Sannan Linux na da wata dabara ta tattalin wuta a ƙananan na'urori, ana kiranta DAPM. Ba ta ba kowane sashe na cip wuta sai ta ga hanya ta haɗu tun daga makirfo har zuwa mafita. In makunni ɗaya ya yanke hanyar, ko kuma wanda ya rubuta bayanin allon, wato fayil ɗin da ke gaya wa Linux wace ƙafa ke haɗe da me, ya manta bai ambaci cewa makirfo na shan wuta daga ƙafar MICBIAS, wadda direba ke kira MICB, ba, to wannan sashe zai zauna a kashe. Ɗauka za ta tafi, fayil zai yi girma, ba za a nuna maka kuskure ko ɗaya ba. Hanyar gani ita ce ka bar ɗaukar tana tafiya, ka leƙa cikin /sys/kernel/debug/asoc, ka shiga jakar dapm. Kowane sashe na da ɗan fayil da ke cewa On ko Off. Ka bi su daga makirfo zuwa ADC, inda ka fara cin karo da Off nan hanya ta yanke. Ni a ganina wannan leƙe na minti biyar ya fi kwana biyu ana sauya makirfo. In ka gama daidaitawa kuma ka rubuta alsactl store don a adana saitin, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta na'urar ta sake tashi, kana iya tarar da makunnan sun koma yadda ka same su.

Sai ya tambaye ni, in ya sayo allo mai ADC huɗu ya ɗora, shi ke nan? Na ce da sauran rina a kaba, saboda hanyar da lambobin ke bi su shiga kwamfutar.

Hanyar nan sunanta I2S, kamfanin Philips ne ya fito da ita a 1986, kuma tun asali don sautin hagu da dama aka yi ta. Wayoyi uku ne. Ɗaya tana bugun agogo, kowane bugu bit ɗaya, wato sifili ko ɗaya. Ta biyu tana ɗagawa tana saukewa don ta nuna yanzu hagu ne, yanzu dama ne. Ta uku ita ke ɗauke da lambobin. A Raspberry Pi, ƙafa mai lamba GPIO 18 ce bugun, 19 ce mai nuna ɓangare, 20 ce mashiga, 21 mafita. Lissafin ba wuya. In ana ɗiban sauti sau 48,000 a sakan, gurbi biyu, kowane gurbi bit 32, agogon zai buga sau 3,072,000 a sakan. In ana son layi huɗu ko takwas a waya ɗaya, sai a koma tsarin TDM, inda ake jera gurabe a sahu, a buga alama ɗaya a farkon sahun. Gurbi huɗu na buƙatar bugu 6,144,000, takwas na buƙatar 12,288,000. To sashen I2S na Raspberry Pi 4 da waɗanda suka gabace ta layi biyu yake karɓa a kowane sahu. Masu ƙera allunan layi huɗu ko takwas domin ta dabara suke yi, su ninka saurin ɗiban, su cusa layukan a gurabe biyu, direba ya warware su daga baya. Dabarar tana aiki, sai dai tana da wani rauni da aka sani: in kwamfutar ba ta kama farkon sahun daidai ba, layukan sai su zame. Yau Malam na layi na ɗaya, gobe ka kunna ka same shi a na uku. Ga mai ɗaukar karatun kwana talatin wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Akwai kuma batun wa ke jan agogon. Tsakanin cip ɗin sauti da kwamfuta dole ɗaya ya zama jagora ɗaya mabiyi, kamar sahun salla, liman ɗaya ne. In duka biyun aka saita su a matsayin mabiya, babu mai tayar da bugu, arecord zai tsaya jim sannan ya ce Input/output error. Mutane na ganin wannan su ɗauka allon ya ƙone, alhali jira kawai kowa ke yi. In duka biyun jagorori ne, sai su yi ta turereniya a waya ɗaya, sautin ya fito da ƙaraf-ƙaraf. Ba sai kana da babban kayan awo ba. Mita mai auna yawan bugu ta isa. Ka ɗora ta a GPIO 19 ana cikin ɗauka. In ka nemi 48,000 ka ga 48,000, agogo lafiya. In ka ga sifili, babu jagora. In ka ga 44,100, to za a rubuta wa fayil ɗin saurin da ba nasa ba, muryar ta fito da ɗan gaggawa da siranta. Bambancin ya kai kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma a karatun Alƙur'ani, inda tsawon madda ke da ma'auni, kunnen alaramma zai kama shi tun kafin naka.

Kowace irin ɓaraka a nan da muryarta, kuma in kunnenka ya saba, tun kafin ka taɓa mita za ka yi hasashe. A tsarin I2S na asali lambobi na fara fitowa ne bayan bugu ɗaya da sauyin ɓangare, a wani tsarin kuma suna farawa nan take. In cip na aikawa nan take, kwamfuta kuma na jiran bugu ɗaya, bit mafi girma zai faɗi. Alamarsa ita ce magana a hankali ta fito lafiya har da ƙarin ƙarfi, da an ɗaga murya sai ta tarwatse kamar an yaga ƙyalle. Haka kuma bit 24 na zuwa da siga biyu, S24_3LE mai bayit uku da S24_LE mai zama a bayit huɗu, wasu na'urorin kuma a S32_LE suke miƙo shi. Ka karanta ɗaya da sunan ɗaya, sai ka samu huci zalla, ko muryar da ta yi nisa kamar daga rijiya. Ɗaliban da ke wasa da ƙaramin allon ESP32 da ƙananan makirfo irin INMP441 su ma ga nasu: kowace na da ƙafa mai suna L/R. Ɗaya a ɗaure ta a ƙasa, ɗaya a wuta. In duka biyun ɓangare ɗaya aka ba su, za su yi magana a gurbi ɗaya, ɗayan gurbin ya zauna wayam.

Da ya ji wannan duka sai ya kawo shawarar da kusan kowa ke kawowa: a Sabon Gari ana sayar da ɗan katin sauti na USB mai araha, me zai hana ya sayi biyu ko uku ya haɗa da allon da yake da shi? ALSA ma na da hanyar haɗa katuna da yawa su zama kamar guda. Na hana shi, kuma ga dalili. Kowane kati da agogonsa, kuma babu agogo biyu da ke tafiya daidai wa daida. Ka ɗauka bambancinsu kashi 100 ne cikin miliyan, wanda ba abin mamaki ba ne a kaya masu araha. A awa ɗaya sun rabu da sakan 0.36, a tafsirin awa biyu sun haura kashi biyu bisa uku na sakan. Kuma ka tuna makirfon Malam na jin alaramma, na alaramma na jin Malam. In ka haɗa su, farkon karatu zai fito tsaf, tsakiya ya fara amsa-kuwwa, ƙarshe ka ji kamar mutum biyu ke jan aya ɗaya. Ana iya gyara wannan da manhajar da ke miƙa ɗaya ta bi ɗaya, amma aiki ne da bai kamata mai kwana shida a hannu ya ɗora wa kansa ba. Layukan da za a haɗa, agogo ɗaya ya kamata su sha.

Abin da muka tsaya a kai shi ne akwatin sauti na USB mai mashiga huɗu na gaske, muka aro a wurin wani mai ɗaukar bukukuwa a Tudun Wada. Irin waɗannan in suna bin ƙa'idar sautin USB ta biyu, Linux na gane su ba tare da an saka wani direba ba, kuma fayil ɗin stream0 da ke cikin /proc/asound zai gaya maka layi nawa da siga wace suke bayarwa. Muka gwada ta hw, huɗu suka amsa. Sai dai matsalolin ba su ƙare ba, sabon salo suka ɗauka.

Washegari ya kira ni, na'urar ta ce babu allo. Lambar ce ta sauya. Linux na raba lambobin katuna ne gwargwadon wanda ya riga bayyana a lokacin tashi, don haka wanda yake 1 jiya yana iya zama 2 yau. Maganinsa a kira shi da suna, hw:CARD= sai sunan da ke cikin /proc/asound/cards. Bayan wannan sai Device or resource busy, wato wani ya riga ka kama ƙofar. Tsarin Raspberry Pi mai tebur, wato mai tagogi da linzami, tun fitowar sigar Bookworm a 2023, da PipeWire yake zuwa, manhajar da ke rarraba sauti tsakanin manhajoji, kuma in wata manhaja ta buɗe akwatin ta hannunsa, hw ba zai buɗu maka ba. Na'urar da aikinta ɗaya ne, ɗaukar karatu, ba ta buƙatar tebur. Muka sa mata tsarin Lite marar tebur, magana ta mutu.

Sai wuta, wadda a garin nan ba a raba ta da kowace matsalar na'ura. Raspberry Pi 4 na son bolt 5 da amfiya 3, akwatin sautin kuma daga jikinta yake sha. Cajar waya ta gama-gari ba ta riƙe wannan. In ƙarfin ya sauka ƙasa da wajen 4.63, dmesg, umarnin da ke nuna rahoton tsarin, zai rubuta gargaɗin ƙarancin wuta, kuma a irin wannan hali akwatin USB na iya ɓacewa ya dawo a tsakiyar aya. Muka sa mata fawa bank mai ƙarfi, wanda ya kashe tsuntsu biyu: ɗauke wuta bai tsayar da ɗauka ba, kuma ya raba na'urar da wayarin zauren. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin ranar gwaji, da muka jawo waya daga amfilifayar lasifikar zauren alhali muna kan caja, sai ga wani gunji mai kauri a ƙasan sautin. Wutarmu sau 50 take juyawa a sakan, kuma in na'urori biyu suka haɗu ta wayar sauti, suka sake haɗuwa ta wayar ƙasa, wannan juyin na samun hanyar shiga. In gunjin na hawa yana sauka tare da kukan janareta, ka san daga wuta yake. In kuwa dit-dit-dit ne mai zuwa kafin waya ta yi ƙara, wayar wani ce kusa da kebul, sai a roƙi na sahun gaba su matsar da wayoyinsu.

Makirfo ma kowace da abincinta. Na Malam da na alaramma irin na hannu ne da ba sa buƙatar wuta. Ta zauren kuwa mai jin nesa ce, sai an danna mata maɓallin bolt 48 take farkawa, kuma rabin awa muka ɓata kafin mu lura a kashe yake. Irin ƙaramar makirfon da ake maƙalawa a riga ita kuma bolt biyu zuwa biyar take so, in ka tura mata 48 ta mahaɗin da bai dace ba, kana iya kashe ta. Kuma a kula da maɓallin da ke raba shigar makirfo da shigar layin amfilifaya. Na farko ɗan mitsitsin lantarki yake jira, na biyu ya ninka shi sau ɗaruruwa. Ka sa babba a ƙofar ƙarami ya tsage, ka sa ƙarami a ƙofar babba ya ɓace.

Na ƙarshe da ya ba mu wahala shi ne kalmar overrun da ke fitowa jefi-jefi. Ka ɗauki randa a ƙarƙashin famfon da ba a rufewa. Akwatin sauti na zubawa ba tsayawa, manhaja na kwasa tana kai wa memori. In memorin ya yi jinkirin karɓa ko na ɗan lokaci, randar ta cika ta zube, abin da ya zube kuma ya tafi, kalma ko rabin kalma daga bakin Malam. Layi huɗu a bit 32 da ɗiba 48,000 na zubo bayit 768,000 kowane sakan, kusan gigabayit 2.8 a awa. Wannan bai fi ƙarfin memori mai kyau ba, amma jabun memori sun cika kasuwa, kuma ko mai kyau yakan ɗan tsaya yana shirya cikinsa. Tun da ba kai-tsaye muke watsawa ba, jinkiri bai dame mu ba, sai muka faɗaɗa randar da --buffer-time, muka kuma sauya memorin. A nan ne ma ya gane dalilin da ya sa yake ganin fayil fiye da ɗaya: arecord na rufe fayil ɗin WAV in ya kai gigabayit 2 ya buɗe sabo, wanda a wannan sauri minti 46 ne da 'yan kai. Mun gwammace mu yanka da kanmu duk rabin awa da --max-file-time, daga baya a mayar da su FLAC, mai matse sauti ba tare da ya zubar da komai ba, don watan ya shiga faifai ɗaya.

Duk wannan bincike akwai gwaji ɗaya da nake komawa gare shi bayan kowane sauyi, kuma shi ne abin da na fi so yaron ya riƙe. Ka fara ɗauka ta hw. Ka je makirfo ta farko ka ƙwanƙwasa ta da yatsa sau ɗaya. Ta biyu sau biyu, ta uku sau uku, ta huɗu sau huɗu. Ka buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran sauti Audacity ka duba da idonka. Gani ya kori ji. Ƙwanƙwasa ba ta yaɗuwa a ɗaki kamar murya, don haka za ta fito ƙarara a layinta kaɗai. In ta fito a layi biyu da tsayi ɗaya, wani ya kwafa ko ya cakuɗa. In ta fito a layin da ba nata ba, sahu ya zame ko kebul ya sauya rami. In ba ta fito ba, sai ka ɗauki makirfon da ka tabbatar tana aiki ka sa a wannan ramin, ka sauya abu ɗaya tak, ka sake gwadawa. Mai sauya abu uku a lokaci guda, ko ya dace ya gyara, bai san me ya gyara ba, kuma ranar da ta dawo zai koma farko.

Ranar ɗaya ga azumi bayan la'asar na bi shi zauren. Ya naɗa wa kowane kebul farin salatif ya rubuta lamba, ya ɓoye akwatin a bayan tarin littattafai inda iska ke ratsawa. Kafin a fara ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, zan ɗan taɓa abin maganar." Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya matsa wurin alaramma ya yi sau biyu, ya zagaya sauran, ya dawo ya duba, kowace na gidanta. Da daddare ya turo min guntun ɗaukar. Wani dattijo daga can bakin ƙofa ya yi tambaya a kan wanda ya ci abinci da mantuwa yana azumi, tambayar ta fito tsaf a layi na uku, amsar Malam a na ɗaya. Layi na huɗu ne kawai ke da wani fuu-fuu, ashe fankar sama ce ke hura shi, washegari aka matsar da makirfon jikin bango.

Da na sake komawa a goman tsakiya, yaron bai ma tashi daga inda yake zaune ba. Alaramma ya gyara zama, ya buɗe Mus'hafi, ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa makirfonsa sau biyu, ya dubi yaron. Yaron ya gyaɗa kai. Sannan ya yi a'uziyya.